Ɗan Aro Ba Ya Dasa Itace

A Tudun Marke, wani ƙauye tsakanin Ƙofa da Kiru, in uwa ta gaji da yawon ɗanta sai ta ce masa, "Kai dai Surajo za ka gada." Surajo kuwa yana nan da ransa, ko aure bai yi ba, amma ya riga ya zama abin misali. Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare. Ba korarsa aka yi ba, benci ne ya ishe shi. Daga nan ya yi karen mota a layin Tudun Wada, ya yi wankin kuza a ma'adinan Riruwai can wajen Doguwa, ya sayar da rake a Kwanar Dangora, ya shiga Kano koyon faci ya fito bai iya ba. Ko a zaune yake ƙafarsa ɗaya tana kaɗawa, kamar tana jiran a ce mata tashi.

Abin da ya dawo da shi gida a daminar nan gona ce, gonar kuma ba tasu ba ce.

Mahaifinsa Ladan makiyayi ne. Shekarar da cutar bushiya ta faɗa wa shanu garkensa ya zube yana ji yana gani, fari kuma ya biyo baya ya share ɗan abin da ya rage. A lokacin ne Malam Mainasara, dattijon da shanun Ladan suka daɗe suna kwana a gonarsa da rani suna zuba masa taki, ya kira shi gaban mutane ya nuna masa wata gona a gangare, mai tsohuwar ɗorawa a gindinta. Ya ce, "Ka noma ka ci da iyalinka. Ɗorawar dai ta ubana ce, matana za su riƙa zuwa ɗiba." Aro ne, kowa ya sani. Duk kaka, kafin a sa ko zangarniya ɗaya a rumbu, sai an ɗauki dami guda na dawa an kai zauren Mainasara. Ba haya ba ce, don kada a manta da mai gona ne. Da Ladan ya rasu matarsa Tani ta ci gaba da kai damin. Da gonar take ci da kanta da ƙannen Surajo mata.

Sai ruwa ya sake hali. Bayan shekarun da aka yi ana kallon sama ana roƙo, ya dawo kamar mai jin haushi. Sai ya yi shiru har shuka ta yi yaushi, sannan ya zubo da na wata guda a yini ɗaya. Shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, 'yar hanyar ruwan da ke ƙasan gonar, wadda a da yaro ke tsallakewa, ta tsage ta zama kwazazzabo, in namiji ya shiga ba a hango hularsa. Da damina ta zagayo kwazazzabon ya ɗora daga inda ya tsaya. Duk ruwan da aka yi sai ya gutsuri kunya, da dawar da ke kanta.

Tani ta aika aka nemo Surajo. Ya zo ya kama fartanya, ba laifi. Abin da ya gagare shi shi ne zuba ido. Da an ɗauke ruwa sai ya ruga bakin kwazazzabon ya ga abin da ya tafi. Ya jera duwatsu, ruwa ya kwashe. Ya cusa kara da buhunan yashi, ruwa ya kai su rafi.

"Wannan, zo ka zauna ka sha fura," in ji Tani. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Kallo ba ya hana ƙasa tafiya."

"Zaman ma ba ya hanawa, Inna."

Ranar kasuwar Ƙofa ya kai fartanya maƙera, sai ya tarar da akori-kurar ƙaramar hukuma a bakin kasuwa da lasifika a kanta, bayanta cike da 'ya'yan itatuwa a baƙaƙen ledoji. Kansila yana tsaye kan benci cikin babbar riga yana jawabi. Hamada na tafe daga arewa, ruwa na cin ƙasa, gwamnati ta turo kuɗi, ƙaramar hukuma ta reni itatuwa, kyauta ne, kowa ya ɗauka ya dasa. Jama'a suka yi tafi, suka wawashe mangwaro da gwaba, suka bar darbejiya da bagaruwa a motar kamar marayu.

Direban motar Ɗanliti ne, Babarbare, abokin Surajo tun zamanin tashar Tudun Wada. Yana hango shi ya leƙo ta taga.

"A'a! Bawana, ashe kana duniya? Bafillace da fartanya a kafaɗa! A kira mai hoto!"

"Rufe min baki. Babarbare ko gwamnati ta ɗauke shi aiki, dako dai zai yi. Yau ciyawa kake dako a leda?"

"Ciyawar nan da lasifika aka kawo ta, ka iya bakinka."

A gefen motar wani siririn mutum ne yake yayyafa wa ledojin ruwa, takalminsa duk laka. Shi ne Malam Isa, malamin gona. Surajo ya gaishe shi ya ba shi labarin kwazazzabon, yana yi yana nuna zurfinsa da hannu. Malam Isa ya ajiye garwar.

"Tun safe kai ne na farko da ya zo da maganar zaizaya," ya ce. "Kowa mangwaron tsakar gida yake so. Ka jera darbejiya da bagaruwa a bakin ramin, layi biyu, ka sa ciyawar gamba a tsakani. Saiwa ce ke riƙe ƙasa, ba dutse ba. Bana ba za ka ga wani abin kirki ba, amma in ka bar shi haka, baɗi rabin gonar zai tafi. Kwashe duka in kana iyawa."

Bai tambayi gonar wa ce ba. Surajo ma bai faɗa ba. Ba wai bai taɓa jin abin da tsofaffi ke cewa kan itace da gonar aro ba. Ya ji, kamar yadda ya ji kada a zauna a kan turmi, ya sa su a kwando ɗaya.

Ɗanliti ya kai shi har bakin gona. Suna sauke ledojin ya ce, "Af, na manta. Wani ɗan'uwana na neman yaro a tirelarsa bayan kaka, Kano zuwa Fatakwal. Na ce masa ina da bawa guda, ba ya cin abinci da yawa, nono kawai."

Surajo ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Fatakwal! Ko Kaduna bai taɓa wucewa ba. A ransa ya gama lissafi: ya dasa, ƙasa ta tsaya, a girbe, ya kama hanya.

Bai jira gobe ba. Ya ɗauko dagi ya fara a yammacin nan, da gari ya waye ya ƙarasa. Da hantsi Tani ta zo da ƙwaryar fura a ka, ta tarar da layi biyu na kore shar a bakin kwazazzabon, Surajo a tsaye yana share gumi yana jiran yabo. Ta sauke ƙwaryar a hankali, kamar mai tsoron ta fashe.

"Inna lillahi. Wannan, me ka yi?"

"Maganin ramin nan, Inna. Hukuma ce ta bayar, kyauta."

"Ka tambayi Malam Mainasara?"

"Gonarsa nake gyara masa. Sai na tambaya?"

"Ɗan aro ba ya dasa itace." Muryarta ta yi ƙasa, tana waige-waige. "Ubanka ko zogale bai taɓa kafawa a nan ba. Dawa baƙuwa ce, ta yi watanninta a girbe ta tafi. Itace kuwa zama yake. In ka dasa shi a gonar mutum, ka ce masa ba ka tashi ke nan. Cire su, tun ido bai gani ba."

Amma ido ya riga ya gani. A kan hanyar da ta bi ta saman gonar, Uba, babban ɗan Mainasara, yana kan kekensa, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallo. Surajo ya ɗaga masa hannu ya ce barka da hantsi. Uba ya ɗan gyaɗa kai, ya taka keken ya nufi gari.

Bayan azahar aka aiko kiransa. Malam Mainasara yana zaune a zaure kan buzu yana tufka igiyar rama, Uba a gefe. Surajo ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka yi gaisuwa doguwa, ya gida, ya Inna, ya ruwa, ya aiki, ƙafarsa na so ta kaɗa yana danne ta. Sai da tsohon ya gama tufkar da ke hannunsa sannan ya yi magana, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Ɗan Ladan, ubana ne ya sare dajin nan ya mai da shi gona. Wa ya gani? Duk sun kwanta dama. Nan gaba kaɗan ni ma ba na nan, innarka ba ta nan. Baƙo ya wuce ya ga layin darbejiya, kana tsammani zai tambayi wa ya sare daji? Cewa zai yi, wa ya dasa? A ce Surajo ɗan Ladan. In aka je gaban alƙali ma abin da zai tambaya ke nan."

"Baba, wallahi ban nufi haka ba."

"Na sani. Kai da ba ka zama, ina ka ga lokacin nufin wani abu? Amma 'ya'yanka za su nufa."

Da Surajo ya yi shiru a nan, ya ce a yi haƙuri zai cire, wataƙila da maganar ta mutu a zauren. Amma bakinsa ma irin ƙafarsa ne.

"Ai ba ni na ƙirƙiro ba, Baba. Gwamnati ce ta ce a dasa. Kansila da bakinsa ya faɗa a lasifika."

Uba ya yi wata 'yar dariya. "Ka ji ko, Baba? Har ya nemo mai tsaya masa."

Tsohon ya ɗauki wata ramar ya soma murzawa a cinyarsa. "To madalla. Tunda kana da gwamnati, ai ba ka rasa gona ba. Ku girbe abin da kuka shuka, halak ɗinku ne. Ka gaya wa innarka bana ba sai an kawo dami ba."

Surajo ya fito, rana ta doke shi a fuska. Ba sai an yi masa fassara ba. Ba dami, ba aro. Da an girbe, gonar ta koma hannun mai ita.

Da ya faɗa wa Tani ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta dubi rumbun da ke tsakar gida, ta dubi 'yan matan da ke surfe, ta ci gaba da tsince wakenta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zauna ya tashi, ya zagaya gidan, ya je bakin rijiya ya dawo ba tare da ya san abin da ya kai shi ba. Kashegari da sassafe ya tari motar itacen girki ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Su suka ce a dasa, su za su fitar da shi.

A sakatariya masinja ya ce Ciyaman ya tafi taro Kano. Kansila bai shigo ba, a gwada jibi. Wani ya tura shi ofishin filaye, na filaye ya ce wannan maganar sashen gona ce, sashen gona kuma a kulle. Aka nuna masa benci ya zauna ya jira. Bai iya ba. Ya bi baranda ya kai ƙarshenta ya dawo, ya sake bi, har masinjan ya ce, "Samari, siminti kake aunawa?" Daga ƙarshe ya zagaya bayan ginin, inda ake renon itatuwa. Ledoji ne jere har bakin katanga, ganyen wasu har ya fara yin rawaya don daɗewa. Malam Isa yana tsugune a cikinsu, ƙafafun Ɗanliti kuma sun leƙo daga ƙarƙashin akori-kura.

Malam Isa ya saurare shi har ya gama, sannan ya dafe kai.

"Gonar aro ce? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Me ya sa ba ka tambaya ba, Malam?"

"Murna ce ta rufe min ido. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san maganar." Ya nuna ledojin da haɓa. "Kana ganin me ya sa suke nan har yanzu? Yawancin gonakin gangare aro ne. Mai gona yana tudu, ruwa bai dame shi ba. Wanda ruwa ke ci yana ƙasa, ba shi da ikon dasawa. Abin da aka turo mana na iri ne da leda da man mota. Maganar ƙasa kuwa ta masu ita ce da dagaci. Ko Ciyaman ya dawo yau, ba zai ce wa mutum dole ya ci gaba da ba da aron gonar ubansa ba."

"To ni yanzu in yi yaya? Ku kuka sa ni."

Malam Isa ya yi tunani. "Abin da ke hannuna, in sa a rubuta allo a kafa a wurin, a ce gonar gwaji ce ta ƙaramar hukuma. Wataƙila ya ji nauyi."

Ɗanliti ya turo kansa daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai. "Allo? Haba Malam! Tsohon da itace ya firgita, ka kai masa allon gwamnati? Ai sai ya ce ƙwace aka zo yi, ya kore su yau ba sai kaka ba." Ya juya ga Surajo. "Bawana, rabu da su. In gona ta tafi ta tafi. Tirela na nan. Ka riƙa aiko wa Inna da garin kwaki da manja daga kudu, wa ya ce sai an yi noma ake ci?"

Maganar ta yi wa Surajo daɗi, daɗin kuma ya ba shi kunya. Ga hanya a buɗe, ga dalili. Sai dai ya san Tani. Matar da ta ga shanunsu sun ƙare ba ta miƙa wa kowa hannu ba, ba za ta zauna tana jiran tirela ta kawo mata tuwo ba. Kuma ya san kansa. Wa ya tabbatar zai kai wata uku a tirelar?

A hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan ya same shi a Ƙofa, ya fake a rumfar mai shayi yana leƙe yana komawa, har mai shayin ya ce in ba zai zauna ba ya daina tare masa haske. Ruwa ne irin na bana, kamar da bakin ƙwarya. Ko gama ɗaukewa bai yi ba Surajo ya fita, ya bi laka da ƙafa, bai tsaya gida ba sai gona.

Kwazazzabon ya yi sabon ci. Wani babban gefe ya rufta da 'ya'yan itacen da ke kansa, ramin ya matso har gindin ɗorawar, saiwoyinta na gefe ɗaya suna reto a iska. A can ƙarshen layi Tani ce a sunkuye, zanenta jiƙe, tana tuge wata 'yar darbejiya.

"Inna, bari! In aka cire su ramin nan ba abin da zai tsai da shi."

Ta miƙe da ita a hannu, da ƙasar a jikin saiwar. Ta dube ta, sannan ta dube shi.

"Ni ma ina da ido, na ga ramin. Itacen ba shi da laifi, Wannan. Hannun da ya sa shi ne ba daidai ba."

Surajo ya tsaya. Abin mamaki, har ƙafar ta tsaya. Ya dubi hannunsa, ya dubi ɗorawar. Sai ya karɓi 'yar darbejiyar daga hannunta, ya ce ta je gida ta aiko masa da babban kwando.

Yadda ya dasa su da gaggawa haka ya cire su da gaggawa, sai dai kowace da ƙasarta ya ɗago ta. Ya cika kwando ya ɗora a ka. Akwai hanyar bayan gari da ke kaiwa gidan Mainasara, bai bi ta ba. Ta tsakiyar gari ya bi, ta ƙofar masallaci, daidai lokacin da aka fito la'asar mutane na zaune a dakali. Laka na zubo masa a wuya.

"Surajo, tallan me kake?"

"Ba talla ba ne, kayan Baba Mainasara ne zan kai masa."

Ya jere su a ƙofar zauren ya koma ya sake ɗebowa. Kafin ya gama sawu na ƙarshe rabin garin na wurin, har da liman. Mainasara ya fito yana dogara sanda. Surajo ya durƙusa cikin lakar, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Baba, na yi kuskure, ga shi na cire. Jama'a ku shaida, ko tsinke nawa babu a gonar Baba. Masu gona hukuma ta ba itatuwan nan, ni na yi rawar ƙafa na kai su inda ba a aike ni ba. Yanzu na kawo wa mai gona. In ka ce a zubar, ga awaki nan. Sai dai ruwan yau ya kai gindin ɗorawa."

"Baba, dabara ce," in ji Uba.

"Dabara ce mana," in ji liman. "Amma ɗorawar fa? Ita ma dabarar ce?"

Tsohon ya daɗe yana kallon 'ya'yan itacen da ke jere a ƙofar gidansa, wasu har sun sunkuyar da kai. Sannan ya ce a yayyafa musu ruwa, ya koma ciki.

Da safe ya fito da kansa ya nufi gonar, tafiyar da ya daɗe bai yi ba, Uba da Surajo na biye. Ya tsaya a bakin kwazazzabon. Ya dubi saiwoyin ɗorawar ubansa a waje kamar hanjin akuya. Ya sa sanda ya taɓa gefen ramin, ƙasa ta zube ta bar sandar a iska.

"Uba, yaushe rabonka da zuwa nan ƙasa?"

Uba ya sunkuyar da kai.

"Ɗan Ladan, ɗauko dagi. Haƙa rami ƙwadago ne, kowa na iya yi wa kowa. Amma kada hannunka ya sake taɓa itacen nan. Uba, kai za ka riƙa miƙo min."

Surajo ya faɗa wa aikin kamar an kunna shi. Kafin rana ta take ya gama ramukan layi biyun. Ya juyo, sai ya ga tsohon ko kwatar layin farko bai yi ba. Kowane rami sai ya dafa sanda ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya yi bisimilla, ya sa itacen, ya tura ƙasa da tafin hannu, ya danna, ya huta, ya ɓare goro. In kuwa wani ya biyo ta hanyar sama, sai ya dakata ya ƙwala masa kira.

"Malam Adamu! Ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba. Sannu da aiki."

"Me nake yi?"

"Dashe kake yi."

"To ka riƙe. Ka gaya wa 'ya'yanka."

Surajo ya zagaya, ya dawo, ya gyara ramin da ba ya bukatar gyara. Hannunsa har ƙaiƙayi yake. Da ya ga wata bagaruwa ta karkace ya miƙa hannu, tsohon ya buge shi da sanda ba tare da ya ɗago ba.

"Zauna."

Ya zauna. Aikin da ya yi shi kaɗai a yammaci da safiya, sai da ya ci musu kwanaki. Wasu itatuwan ba su jure cirewa da jira ba, suka bushe a kwando. Malam Isa da ya ji labari ya sa Ɗanliti ya kawo wasu, aka sauke su a ƙofar zauren Mainasara, ba a gona ba.

Ranar da aka sa na ƙarshe, tsohon ya zauna a inuwar ɗorawa ya miƙe ƙafafu. Ya dubi ɗansa.

"Uba, da rani za ka iya ɗebo ruwa daga rafi ka bi su ɗaya-ɗaya? Ka yi musu shingen ƙaya, ka kori awaki?"

"Baba, ga kasuwa, ga gonar tudu..."

"Na ji." Ya juya ga Surajo. "Ka gaya wa innarka bana a kawo dami. Itace nawa ne, gari ya gani. Ban ruwa da tsaro naka ne. Ranar da na ji sun bushe don ka tafi yawonka, ranar aro ya ƙare, ba sai na aiko ba."

"Har yaushe, Baba?"

"Har su fi ƙarfin akuya."

"Yaushe ke nan?"

"Ka tambayi akuya."

Kaka ta yi, Surajo da kansa ya ɗauki damin ya kai zaure. Ɗanliti ya biyo da maganar tirela, ya same shi yana janyo ƙaya.

"Bawana, jibi za a tashi. Fatakwal! Ruwan teku, ka gan shi da idonka."

"Ka ce ya nemi wani."

"Kai! An ɗaure Bafillace da darbejiya! Wallahi sai na ba da labari a tasha."

"Bayar. Ka ce ubangidanka ne ya ce ba shi da lokaci."

Ɗanliti ya tafi yana dariya, Surajo ya bi ƙurar motar da kallo har ta ɓace.

Da rani ya tsaya sosai rafin ya janye, sai an tona yashi ake samun ruwa. Surajo na hawowa da garwa biyu a sanda, ya bi layi, ya koma. In iska ta juyo daga gabas takan kawo ƙahon manyan motoci daga titin Zariya, siriri, daga nesa. Duk sanda ya ji sai ya tsaya da garwar a kafaɗa har ƙarar ta mutu. Sannan ya je wajen darbejiyar da ta fi tsawo, ya tsaya kusa da ita ya gwada ta da jikinsa. Ta wuce gwiwa, ba ta kai ƙugu ba.

"Ke ma ba ki da sauri," ya ce mata. "Duk halin wanda ya dasa ki ne."

Wata jar akuya ta sa ƙafafun gaba a kan shingen tana miƙa wuya. Ya ajiye garwar ya bi ta da gudu, ya kore ta har bayan ɗorawa, ya wuce inda ya kamata ya tsaya, don gudun ya yi masa daɗi. Sannan ya juyo ya koma wajen garwarsa.